Tsargiyar da Aka Kira Ciwon Sanyi

Na daɗe da warkewa, amma har yau idan na ga mace tsaye cikin tafki tana wanki, ruwa ya kai mata gwiwa, ba na iya wucewa ban yi magana ba. Wasu su saurara, wasu su yi dariya su ce Habi ta fara. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya same ni daga farkonsa, wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansu.

Iyayena makiyaya ne da suka zauna wuri ɗaya suka kama noma. An kai ni aure wani ƙauye kusa da Aujara, gidan malamai. Surukina, Baba Malam, shi ke ba manyan gari karatun littattafai a zaurensa. Mijina kuwa, da ake ce wa Malam Ƙarami, noma yake da damina, da rani ya tafi Kudu sayar da turare da huluna, ba ya dawowa sai an yi ruwan shuka.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa da 'yan shekaru, aka kawo katafila aka tare kwarin da ke bayan garinmu. Ruwan da a da yake ƙafewa tun kafin sanyi ya wuce, sai ga shi yana kaiwa har wata daminar. Mun yi murna ƙwarai. Rijiyar gari ɗaya ce, ga zurfi ga layi, tafkin kuwa ga shi kusa da gida. Nan muke wanki da wanke-wanke, nan ake shayar da shanu, maza suka fara lambun tumatir da albasa a gefe.

A shekara ta uku muka fara ganin wani irin dodon koɗi da ba mu saba gani ba. Wanda muka sani tun muna yara babba ne, sai ka nema kafin ka ga ɗaya. Wannan kuwa ƙanana ne masu tsini kamar ƙwallon dabino, kuma ba su da iyaka. Wasu suka ce a jikin tarun masunta baƙi suka zo, wasu suka ce tsuntsaye ne suka kawo su. Kafin shekara ta zagayo sun rufe ƙasan ruwan, idan ka taka sai ka ji ƙurus-ƙurus a tafin ƙafa. Tare da su wasu ƙanana masu laushin ɓawo suka yawaita a jikin ciyawar kacalla. Bado ya yi ƙaranci, kifi ya ragu, bakin ruwan ya fara wari idan rana ta take. Mahauta suka fara ƙorafin hantar tumaki tana lalacewa. Duk muna gani, amma ba wanda ya kawo wa ransa cewa abin zai taɓa jikin mutum.

Ciwona ya fara ne a ranin shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Da farko ƙaiƙayi ne a ƙafafu duk ranar da na yi wanki, da 'yan ƙuraje jajaye. In shafa man shanu su lafa. Daga baya sai kasala da zazzaɓin yamma. Sai ciwon mara. Wata rana da hantsi na zaga bayan gida, a ƙarshen fitsari na ga jini, ɗigo biyu ko uku. Na tsaya ina kallonsa. Mu dai abin da muka sani, fitsarin jini na yara maza ne, har ana cewa alamar girma ce. Ban taɓa jin an ce mace ta yi ba.

Mako biyu na ɓoye. A na uku jinin ya fara zuwa ta gaba ma, ba kuwa lokacin al'adata ba ne. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne salla: in yi ko in bari? Ban iya tambayar Baba Malam da bakina ba, sai na gaya wa surukata, Iya, ita ta kai masa. Ta dawo ta ce, "Ya ce jinin ciwo ne, ba ya hana salla. Ki wanke, ki sake alwala kowace salla. Ya kuma ce kada a zauna da shi, a nemi magani."

Magani kuwa an nema. Mahaifiyata, Dada, ta taho daga rugarsu da sassaƙe a ƙullin zani, ta ce zafin rana ne ya taru a marata, in jiƙa da jar kanwa in riƙa sha. Iya ta ce sanyin mata ne, ta haɗa mini hayaƙi da ruwan zama. Wata maƙwabciya ta ce in daina cin gishiri. Duk na yi. Sati biyu ina shan jiƙo mai ɗacin da har yau in na tuna sai yawu ya taru a bakina. Jinin bai tsaya ba, sai rama da na fara yi, zobena yana zamewa daga yatsa.

Ana haka aka yi ruwan shuka, Malam ya dawo daga Kudu. Da ya ga yadda na koma, ranar kasuwa ya ɗauke ni a keke ya kai ni wurin wani mai kyamis da mutane ke ce wa likita. Shagon cike yake, har da mata biyu 'yan garinmu suna jiran allura. Ya tambaye ni abin da ke damuna, na faɗa a hankali. Bai duba ni ba, bai ce a auna komai ba. Ya ɗaga murya kamar mai kiran ciniki ya ce, "Ai wannan ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wurin kwanciya. Allura biyar-biyar za ku yi, ke da maigidan."

Malam ya ce, "Ni lafiyata ƙalau."

Mai kyamis ya ce, "To, ita dai ga shi ta samu."

Ban san yadda na fito daga shagon ba. A hanyar komawa ƙarar sarkar keke kawai nake ji. Mutumin da ya yi wata biyar ba ya gida, ya dawo an ce matarsa na da irin wannan ciwo. Lokacin kuma ba maganar da ake yi a rediyo da wurin wa'azi da bakin rijiya sai ta shari'a da hukuncin masu ɓarna. Kafin kwana uku labarin ya zaga gari. Na je gidan suna, na zauna a tabarma, matar da ke kusa da ni ta ja 'yarta ta matsa.

Na yi allurar biyar, ɗuwawuna ya kumbura, jinin yana nan. Malam ya kwashe shimfiɗarsa ya koma shagon ƙofar gida. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Zai shigo ya ajiye cefane, ya ɗauki 'yarmu ya yi mata wasa, ya fita ba tare da mun haɗa ido ba. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

A mako na takwas na ce ya isa. Bayan azahar na same shi a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na ce, "Malam, ina da magana."

Ya ce, "Ina ji."

Na ce, "Tambayar da ke ranka, ita ce a raina. Kai ka yi wata biyar a Kudu, ni ban san inda kake kwana ba. Ni ma da zan bi maganar mai kyamis, da kai zan zarga."

Ya ajiye fartanyar ya dube ni, ranar ce ya fara dubana. Ya ce, "Wallahi Habi, tun da nake ban taɓa…"

Na ce, "Kada ka rantse, ni ma ba zan rantse ba. Ka kai ni Dutse a auna ni, kai ma a auna ka. Abin da awo ya nuna, kowa ya ɗauki nasa. In ba za ka kai ni ba, ka ba ni izini in tafi da Dada."

Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da gyara. Ashe Iya tana jinmu daga madafa, ta kai wa Baba Malam. Da la'asar ya kira ɗansa zaure, ni kuma aka ce in tsaya daga bayan ƙofa. Na ji yana cewa, "Mai kyamis alƙali ne ko likita? Da me ya auna ta? Ka karanta a gabana cewa zato ba hujja ba ne, yau kuma ka ƙaurace wa iyalinka a kan maganar kasuwa. Jibi ku kama hanya." Har in mutu ba zan daina yi wa wannan tsoho addu'a ba.

Dada ta kai tunkiyar da ta ba ni ranar aurena kasuwa, Malam ya ƙara da abin da ya rage na cinikin rani. Muka shiga motar haya ta Jahun, daga can muka sake wata zuwa Dutse. Kowane rami motar ta faɗa sai na ji kamar an soka mini wuƙa a mara. A tasha masu acaɓa biyu suka ƙi ɗaukata, wai yanzu ba sa ɗaukar mata, sai a ƙafa muka taka har Yalwawa, gidan yayar Malam, Yaya Asabe, wadda ke aikin buga takardu a sakatariya. Tana ganina ta riƙe baki ta ce, "Ƙarami, haka ka bar yarinyar mutane ta koma?" Ta ba ni ɗakinta, ta dama mini kunu, ta ɗauki hutun kwana uku saboda ni.

Ranar farko a asibiti a layin kati ta ƙare. Mun zo da sanyin safiya mun tarar da mutane sun fi ƙarfin bencin, wasu a ƙasa, wasu a gindin bishiya. Kafin a zo kaina an ce likita ya shiga tiyata. Rana ta biyu na ga likita, ya rubuta awon fitsari da na jini, ni da Malam. Rana ta uku na ba da nawa da sassafe kamar yadda na ga kowa na yi. Kafin azahar sakamako ya fito: Malam ba shi da komai, ni ma ba a ga ciwon sanyi ba, ba a ga komai ba sai ƙarancin jini.

Malam ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To alhamdu lillahi, mu tafi gida."

Na ce, "Ba inda za ni. An ce ba wancan ba ne, amma ba a ce ga abin da yake ba. In na koma haka, jinin yana zuba, me zan ce wa mutanen gari?"

Na koma layi na zauna. Yaya Asabe ta zauna kusa da ni tana yi mini fifita da katin. Sai bayan azahar na sake shiga. Likitan, wani siriri mai furfura a gemu, ya gaji ƙwarai, amma ya saurare ni har na gama. Sai ya ajiye biro ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini tun da na fara ciwon.

"A ina kike wanki?"

Na ce a tafki.

"Kina shiga ciki?"

Na ce har gwiwa, wani lokaci har cinya.

"Akwai dodon koɗi a ruwan?"

Na ce, "Likita, ba ka iya taka ƙasa sai a kansu."

Ya girgiza kai ya ce in dawo gobe, amma kada in ba da fitsarin safe. In jira sai rana ta take, in ɗan zaga asibitin da sauri, sa'an nan in tara na ƙarshe-ƙarshen, wanda jinin ke biyowa.

Haka na yi. Da mai awon ya sa a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, sai ya aika aka kira likitan. Likitan ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Zo ki ga abin da ke cinki." Na sa ido ɗaya, da farko haske kawai nake gani, can sai ga wasu abubuwa kamar ƙwayar kankana, kowanne da 'yar ƙaya a gindinsa. Ya ce ƙwai ne, ƙwan tsutsar tsargiya. Ya kira Malam ya ce shi ma ya leƙa. Malam ya daɗe a sunkuye.

Maganar likitan na riƙe ta kamar karatu. Ya ce, "Wannan ba daga mutum ake ɗaukarsa ba, daga ruwa ne. Mai ciwon ya yi fitsari a tafki, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya girma a cikinsa, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ƙaiƙayin da kike ji, shigarsa ke nan. A jikin mace yana taɓa mafitsara, yana taɓa mahaifa, sai a ɗauka wani abu ne daban." Na tambaye shi ko masu tsinin nan baƙi su ne masu laifi. Ya ce ba kowane iri ne ke ɗauke da ita ba, kuma shi ba zai iya rantsuwa a kan wanda bai gani ba, amma duk ruwan da ya kwanta dodon koɗi ya cika shi, in ɗauke shi a matsayin mai cuta.

Aka ɗora ni a sikeli, aka rubuta magani daidai nauyina. Sai dai maganin ya yanke a asibiti. Malam ya zaga shagunan Dutse a ƙafa yini guda bai samu ba, sai da Yaya Asabe ta ba wani direban Kano saƙo, ya kawo bayan kwana biyu. Ƙwayoyi ne farare manya, 'yan ƙalilan, a sha rana ɗaya a gama. Na riƙe su a tafin hannu ina mamaki. Wata biyu da rabi ina shan jiƙo da allura da kunya, ashe maganin bai cika tafin hannu ba.

An ce in ci in ƙoshi kafin in sha. Yaya Asabe ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Duk da haka da na sha, ɗakin ya riƙa juyawa, cikina ya murɗa, na yi amai sau ɗaya, na kwanta kamar an yi mini duka. Malam ne ya zauna a bakin ƙofa da buta da tsumma. Da jirin ya ɗan sake ni, na ji ya ce, "Habi, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe. Amma da bakinka za ka faɗa wa mutane abin da ka gani a madubin nan."

Ya ce zai faɗa, kuma ya cika. Ranar Juma'ar da muka koma, bayan an idar da salla, ya miƙe ya yi wa maza bayani, Baba Malam na zaune.

Jinin ya ragu a mako na farko, a na uku ya ɗauke. Ƙarfi ne ya daɗe bai dawo ba. Dada ta tare a gidanmu wata guda tana ba ni nono da zogale da hanta. Bayan wata biyu muka koma awo, aka ce ba ƙwai. Ban sake sa ƙafa a tafkin ba. Malam ke ɗebo ruwan rijiya a jarka, in kuwa dole sai na tafki, a zuba a randa a bar shi kwana biyu kafin a taɓa, haka likita ya ce.

Ina godiya ga likitan nan da Yaya Asabe. Amma ina da ƙorafi, kuma ba zan haɗiye shi ba. Waɗanda suka tare mana ruwa ba wanda ya dawo ya ce ga abin da zai biyo baya. Mai kyamis kuwa ya ci gaba da yi wa mata allura biyar-biyar. Matan garinmu ma ba su daina shiga tafki don na faɗa ba. Wata ta ce mini, "Ke mijinki na ɗebo miki. Ni wa zai ɗebo mini?" Gaskiyarta ce. Sai da muka yi shekara biyu muna zuwa wurin dagaci, mu mata, ni a gaba, kafin aka haɗa hannu aka haƙa rijiya ta biyu da dakalin wanki a gefenta.

A makarantar Islamiyya ta matan aure na fara faɗin ciwona a fili, da sunansa da inda yake fitowa. Ranar da na fara, wasu suka rufe fuska da mayafi. Da aka tashi, wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce, "Kin tuna Talatu, matar Ilu mai faci?" Na tuna ta. Shekara guda kafin ciwona aka sake ta, saki uku, ba wanda ya faɗi dalili a fili. Tsohuwar ta ce, "Ƙanwar uwarta ce ni. Abin da kika lissafa yau, shi ne nata, ɗaya bayan ɗaya."

Na nemi izinin Malam, na hau mota zuwa ƙauyensu Talatu, can bayan Jahun. Na same ta a bayan ɗaki tana sussuka, ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. Da na gama ba ta labarina, ta ce, "Ni na riga na haƙura, Habi. Ko an auna, me zai dawo?"

Na ce, "Lafiyarki za ta dawo, da sunanki. Tashi ki ɗauko mayafi."

Awo ya nuna tsargiya ce. Ta sha magani ta warke. Na roƙe ta takardar sakamakon, ta ba ni. Da muka dawo, ni da Malam muka tsaya a rumfar Ilu, yana tsugune yana shafa wa tayar keke gam. Malam ya karanta masa takardar, ya yi masa bayani kamar yadda aka yi mana. Ilu ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ko da yake bai iya boko ba. Gam ɗin ya bushe a yatsunsa bai sani ba.

Can ya ce, "Yanzu tana ina?"

Na ce, "Tana gidan ubanta, lafiyarta ƙalau. Bayan sallar layya za a ɗaura mata aure."

Ya miƙo mini takardar. Na ce ya riƙe, tasa ce.